Kwale-kwale na tara jama'a a Argungu da Yauri, a Guri kachala ta tare masa hanya

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi ya san ba kifi kaɗai ke tara jama'a a bakin kogin Matan Fada ba. Akwai wasannin Kabanci, inda ake tseren kwale-kwale da gasar nutso da kamun agwagwar ruwa. An faro bikin a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A Yauri ma ana bikin Rigata a kan kogin Neja, inda matuƙa ke baje kolin gwanintarsu.

A ƙaramar hukumar Guri ta jihar Jigawa, kwale-kwale abin neman abinci ne. Da shi masunta ke fita su, da shi ake tsallakar da mutane da buhunan shinkafa idan ambaliya ta yanke hanya, kamar yadda aka gani a 2022. Al'adar bikin ruwa ma ba baƙuwa ba ce a yankin, domin maƙwabta a masarautar Bade ta jihar Yobe sun daɗe suna bikin kamun kifi a Gorgoram.

Sai dai kogin Hadejia ya sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani, yanzu yakan kwanta kusan duk shekara. Wannan ya bai wa ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana. Inda ta toshe, jirgi ba ya wucewa, koma ba ta shiga, ruwa kuma sai ya karkata zuwa gonaki. Tsuntsayen jan-baki kan samu mafaka a cikinta su far wa shinkafa.

Argungu ta nuna cewa biki na kawo baƙi da ciniki, amma sai da ruwa a buɗe. Idan ana son yaran Guri su gaji tuƙi da su daga iyayensu, har wata rana a tara jama'a kallon tserensu, aikin farko shi ne yashe kogi da cire kachala.