Hawan Jini: Ciwon da Ba Ya Sallama

Mutum kan yi shekaru yana kai-kawo tsakanin gona da kasuwa, babu ciwon kai babu jiri, alhali jini na matsa wa jijiyoyinsa fiye da ƙima, yana gajiyar da zuciya da ƙoda. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, sai a ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu hawan jini sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba. Saboda haka darasin farko shi ne awo. Idan na'ura ta nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, to akwai hawan jini, ko da mutum garau yake jin kansa.

Darasi na biyu a tukunya yake. Hukumar ta ce kada gishirin da babba zai ci a wuni ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Uwargida na iya rage gishiri amma ta ƙara dunƙulen ɗanɗano, ta jefa kanwa a miyar kuka, ba ta san sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu yana cikinsu ba. Daddawa da albasa da tafarnuwa na gyara miya ba tare da wannan illa ba.

Na uku ya fi wuya: dagewa kan magani. "Ai na warke" ita ce kalmar da ta kai mutane da yawa ɗakin wankin ƙoda. Magani irin su amlodipine danne ciwon yake yi, ba ya kawar da shi. Da an daina sha, jinin zai koma gidan jiya.

Sai dai faɗakarwa kaɗai ba ta wadatar ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an yi aiki da shagunan aski 52 na baƙar fata a Los Angeles ta Amurka. Inda masu aski suka tsaya ga nasiha da tura mutane wajen likita, lambar sama ta awon jini ta sauka da kusan maki 9. Inda aka kawo masana magunguna cikin shagon suna awo suna ba da magani, ta sauka da 27.

Mu ma muna da wuraren haɗuwa: ƙofar masallacin Juma'a, tashar mota, makarantar Islamiyya ta matan aure, layin awon ciki. Duk ma'aikacin lafiyar da zai je can wayar da kai, ya tafi da na'urar awo, ya kuma gaya wa wanda jininsa ya hau asibitin da zai je da ranar da zai dawo a sake dubawa.