Matsayin Gidajen Giya da Kiɗa a Anka, Gummi da Bukkuyum

A da, gidajen giya suna cikin wuraren da masu goge da kukuma ke samun abinci a ƙasar Hausa. A Jihar Zamfara hakan ya kau bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta kuma fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Dokar ta haramta sayar da giya, ta tanadi bulala 80 ga Musulmin da ya sha. Saboda haka, buɗe irin wannan gida laifi ne, ko da an fake da wasan kiɗa. Kiɗan noma kuwa da na fada, irin na marigayi Musa Ɗanƙwairo, asalinsu daban ne. Wajibi ne hakimai da dagatai su fayyace wa jama'a wannan bambanci.