Yadda Ake Farautar Ƙwaro a Cikin Shirin Kwamfuta

A wannan makon zan yi bayani a kan wata manhaja ta kyauta da take taimaka wa mai koyon rubuta shirin kwamfuta ya gano inda ya yi kuskure. Zan fara da abin da ya same ni, domin kunya ce ta fara koya mini amfaninta.

Abin da ya faru a shagon Yaya

Yayana tela ne a Fagge. Duk wanda ya san telolin Fagge ya san yadda suke idan Sallah ta matso: keke ba ya hutawa, su ma ba sa barci. Mutum zai sayo shadda ko yadi a Kantin Kwari, ya kawo, a auna shi, ya ba da kafin alƙalami. Sai ranar karɓar kaya zai kawo ciko. Yaya yana rubuta duk wannan a wani tsohon littafi da ya sha jiki.

Da Malam ya fara koya mana yaren Python a ɗakin kwamfuta, sai na ce wa Yaya zan rubuta masa shirin da zai tara duk cikon da yake bin mutane. Yana da wata laftof ta hannu da ya saya a Beirut Road, ya ba ni aro. Ga abin da na rubuta. Na rage mutanen zuwa huɗu don ya samu wuri a allon nan:

ciko = [4000, 2500, 6000, 3500]
for kudi in ciko:
    jimla = 0
    jimla = jimla + kudi
print(jimla)

Ku tara da kanku. Amsa ita ce naira 16,000. Amma kwamfuta ta ce 3500. Kuma ba ta nuna wani jan rubutu na gargaɗi ba, ta ba da amsar kamar gaskiya ce.

A ranar, Yaya yana so ya biya mai surfani, sannan ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo zare da zif da maɓallai. Da ya ga ɗan abin da kwamfuta ta ce ya rage masa a hannun mutane, sai ya ɗauki waya zai nemi rance wurin abokinsa. Allah ya sa ya tsaya ya buɗe littafinsa ya tara da kalkuleta. Ya dube ni ya ce, "Auta, kwamfutar ce ba ta iya lissafi ba, ko kai ne?" Yaran shago suka fashe da dariya.

Na ce kwamfutar ce. Washegari Malam ya ce mini, "Kwamfuta ba ta ƙarya, yaro. Abin da ka ce ta yi, shi ta yi. Zo ka ga abin da ka ce mata."

Me ya sa ake cewa ƙwaro?

Masu rubuta shirin kwamfuta suna kiran kuskuren da ya ɓuya a cikin shiri da sunan ƙwaro. Injiniyoyi sun daɗe suna faɗin haka tun kafin a ƙera kwamfuta. Amma akwai wani labari da ya shahara. Ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da wata ƙatuwar kwamfuta mai suna Mark II a jami'ar Harvard ta Amurka sun ga tana ba su matsala. Da suka bincika, sai suka tarar da ƙwaro na gaske, irin mai fiffiken nan da ke zagaye fitila da dare, ya maƙale a cikinta. Suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Grace Hopper, wata masaniyar lissafi da ke cikin ma'aikatan, ta riƙa ba da labarin har ya bazu a duniya. Littafin yana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka.

Kada ku ɗauka ƙwaro abin wasa ne. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta, saboda kuskure a cikin shirin kwamfutarta. Nawa ƙwaron rance kawai ya kusa jawo wa Yaya.

Mece ce mafarauciyar ƙwaro?

Kwamfuta tana da sauri sosai. Kafin ka ƙifta ido ta gama duk layukan da ka rubuta, amsar ƙarshe kawai za ka gani. Mafarauciyar ƙwaro manhaja ce da take riƙe shirin, ta sa shi ya tafi layi ɗaya bayan ɗaya, kana kallon abin da ke canjawa.

Na ga irin wannan a shagon Yaya. Idan keke ya fara tsallake ɗinki ko yana tsinka zare, ba ya ci gaba da taka shi da gudu. Tsayawa yake yi, ya juya kan keken da hannu a hankali, yana kallon allura tana sauka tana hawa, har ya ga daidai inda zare yake sarƙewa. To, aikin wannan manhaja ke nan.

Wadda muke amfani da ita tana cikin Thonny. Wani malami mai suna Aivar Annamaa ne ya fara rubuta Thonny a jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya, musamman don masu koyo. Tana zuwa da Python a cikinta. Python kuma Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991. Akwai wata tsohuwar mafarauciya mai suna GDB, wadda Richard Stallman ya rubuta a 1986, manya suna amfani da ita a yaren C har yau.

Duk waɗannan 'yantattun manhajoji ne. Ma'ana, ba kyauta kawai ake ba da su ba. An yarda ka kwafa, ka ba abokinka, ka buɗe ka ga yadda aka rubuta su, har ka gyara. Ni a wani shagon buga takardu a Sabon Gari aka sauko mini da Thonny daga intanet aka sa a filas. Daga filas ɗin nan na sa wa Yaya, na ba abokaina uku. Ba sata ba ce, masu ita ne suka ba da izini. Kuma da zarar ka sa ta, ba ta bukatar data.

Matakan farauta

Na ɗaya: buɗe shirinka a Thonny ka adana shi da suna.

Na biyu: je saman allo ka danna View, ka zaɓi Variables. Wani ƙaramin akwati zai fito a gefe. A nan za ka riƙa ganin kowane suna da abin da ke cikinsa, kamar jimla da kudi.

Na uku: maimakon ka danna F5 da ke sa shiri ya ruga, danna Ctrl da F5 tare, ko ka danna hoton ƙwaron da ke sama. Layin farko zai haskaka, shirin ya tsaya yana jiranka.

Na huɗu: yi tafiya. F6 babban taki ne, yana gama abin da aka haskaka gaba ɗaya ya wuce. F7 ƙaramin taki ne, yana shiga ciki ya nuna maka lissafin guntu-guntu.

Na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci: kafin ka danna, faɗa wa kanka abin da kake zaton zai fito. Sannan ka danna ka duba akwatin. Inda zatonka da abin da ka gani suka saɓa, nan ƙwaron yake kwance.

Idan shirin yana da tsawo, ba sai ka bi shi tun daga farko ba. Danna sau biyu a gefen hagu, wurin lambar layin da kake zargi. Jan ɗigo zai fito. Shirin zai ruga har ya iso wurin, sai ya tsaya, kamar mota a shingen bincike.

Yadda na kama nawa

Malam ya zaunar da ni ya ce in riƙa danna F7, idona a kan jimla. A zagayen farko jimla ta zama 0, sannan 4000. Na ce madalla. Malam ya ce, "Yanzu me kake jira?" Na ce 6500. Na danna. Sai na ga jimla ta koma 0, sannan 2500. Na sake dannawa: 0, sannan 6000. Sai kuma 0, sannan 3500.

Nan take na gane. Na sa layin jimla = 0 a cikin zagaye. Wato duk sanda aka zo kan sabon mutum, ni da kaina nake umartar kwamfuta ta goge abin da ta tara. Kamar mai ɗiban ruwa ne da yake zubar da na cikin randa duk sanda ya kawo sabon bokiti. Shi ya sa kuɗin mutum na ƙarshe kaɗai ya rage.

A Python, filin da ka bari a farkon layi shi ke nuna abin da ke cikin zagaye da abin da ke waje. Gyaran kawai shi ne in ɗauke wannan layi in kai shi sama, in goge filin gabansa:

ciko = [4000, 2500, 6000, 3500]
jimla = 0
for kudi in ciko:
    jimla = jimla + kudi
print(jimla)

Sai ga 16000. Ku lura, manhajar ba ta gyara mini komai ba, ba ta ma ce ga kuskuren ba. Nuna mini kawai ta yi, ni na gani.

Bayan kwana biyu na kama wani. Na sa Yaya ya shigar da kuɗin ɗinki 5000 na kaya kala uku, sai kwamfuta ta ce 500050005000. Da na duba akwatin, na ga 5000 ɗin tana tsakanin ƙananan alamomi biyu, haka: '5000'. Wannan yana nufin Python ta ɗauke ta rubutu, ba lamba ba, domin duk abin da aka shigar ta hanyar input rubutu ne. Idan ka ninka rubutu sau uku, jera shi take yi sau uku. Maganinsa shi ne a rubuta int(input()) don ya zama lamba.

Idan ita kanta mafarauciyar ta ƙi aiki

Ga matsalolin da ni da abokaina muka ci karo da su:

Ta tsaya cik, F6 da F7 ba sa komai. Duba ƙasa, wurin da aka rubuta Shell. Sau da yawa shirin yana jira ne ka rubuta amsar tambayar da ya yi ka danna Enter.

Ka danna F7 sai haske ko sautin laftof ya canja. A wasu laftof dole ka riƙe maɓallin Fn tare da shi. Ko ka yi amfani da ƙananan hotunan da ke sama.

Ka danna F6 a kan layin for, sai komai ya ƙare nan take. F6 ya haɗiye zagayen duka. Sake farawa ka shiga da F7.

Ta ƙi farawa, sai jan rubutu mai cewa SyntaxError. Wannan kuskuren ƙa'idar rubutu ne, kamar ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layin for, ko ka buɗe baka ba ka rufe ba. Python ba ta fara aiki sai ta iya karanta shirin duka. Jan rubutun yana faɗin lambar layi. Duba layin, ka duba na samansa.

Shirin ya ƙi ƙarewa, yana ta zagaye. Danna jan maɓallin Stop, ka duba sharaɗin da ya kamata ya tsayar da zagayen.

Ka adana shirinka da suna random.py ko math.py, sai abubuwa suka rikice. Waɗannan sunayen kayan aikin Python ne. Canja suna.

Sannan ku riƙa danna Ctrl da S a kai a kai. Batirin laftof ɗin Yaya ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa. Sau biyu ina asarar aikin yini guda.

Wanda ba shi da Thonny kuma yana iya sa print(jimla) a cikin zagaye, ya ga yadda lambar ke canjawa. Wanda ma ba shi da kwamfuta a gida zai iya yi da takarda da fensir: ja layi, rubuta sunayen a sama, ka bi shirin layi-layi kana rubuta abin da ke cikin kowane suna. Kai ne kwamfutar, kai ne mafaraucin.

Shawarata

Kada ku yarda da amsa don kawai kwamfuta ce ta bayar. Ku fara gwada shirinku da ƙananan lambobin da kuka san amsarsu da ka. Da na yi haka tun farko, da yaran shago ba su yi mini dariya ba.

Ina roƙon shugabannin makaranta, idan da hali, a sa Thonny a duk kwamfutocin da ke aiki a ɗakin kwamfuta, tunda ko kwabo ba za a kashe ba. Filas ɗina yana nan ga mai so.

Yanzu Yaya ya yarda in riƙa tara masa ciko da laftof. Amma har yau sai ya buɗe tsohon littafinsa ya duba. Malam ya ce daidai yake yi.

Gwajin mako: wani ya rubuta shirin da zai nemo matsakaicin makin ɗalibai biyu kamar haka: maki = 60 + 80 / 2. Yana jiran 70, sai ya ga 100.0. Ina ƙwaron yake? Ku rubuta amsa a takarda ku jefa a akwatin ƙungiya kafin Juma'a.

Daga wakilinku na aji biyu, ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.