Yawon keke ba tare da mota ba a dazuzzukan redwud na Kalifoniya: Abubuwan da ya kamata ka sani

A arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da gaɓar tekun Fasifik, akwai dazuzzukan da itatuwansu suka fi na ko'ina tsawo a duniya. Yawancin masu ziyara da mota suke zuwa, su tsaya kaɗan su ɗauki hoto, su wuce. Amma akwai masu ɗaura kayansu a kan keke, su yi kwanaki suna ratsa dajin da ƙarfin ƙafafunsu. Irin wannan tafiya ta dace da wurin ƙwarai, sai dai tana da tsari da sharuɗɗa da kuma iyaka, waɗanda ya kamata a fahimta tun kafin a ɗaura niyya.

Mece ce wannan tafiya?

Yawon keke na dogon zango tafiya ce ta kwanaki ko makonni, wadda matafiyi ke ɗauke da duk abin da yake bukata: tanti, abin shimfiɗa, ƙaramin risho, abinci, tufafi da kayan gyara. Ana zuba kayan a jakunkunan da ake ratayawa a kariyar gaba da ta baya, domin nauyi ya daidaita. Galibin masu yin ta kan ci kilomita 60 zuwa 100 a yini, su kwana a zango, gari ya waye su ci gaba.

Rashin mota a nan iri biyu ne. Na farko shi ne mutum ya bar gida ya koma bai tuƙa mota ba, kuma babu motar da ke bin sa da kaya. Jirgin ƙasa ko bas ko jirgin fito ne ke kai shi inda zai fara. Na biyu shi ne bin hanyoyin da aka hana mota shiga. Na farkon yana yiwuwa daga farkon tafiya har ƙarshenta. Na biyun kuwa guntu-guntu ne, kuma tsakanin wani guntu da wani dole a raba titi da motoci.

Itacen da dajinsa

Ana kiran itacen redwud saboda jan katakonsa. Yana tsirowa ne a wani siririn yanki mai tsawon kusan kilomita 720, daga kudu maso yammacin jihar Origon zuwa yankin Big Sur da ke tsakiyar gaɓar Kalifoniya. Mafi tsawo da aka auna, wanda aka raɗa wa suna Hyperion, an gano shi a 2006, kuma ya haura mita 115. Wasu daga cikin itatuwan sun shekara fiye da 2,000 a tsaye.

Abubuwa uku ne suke ba itacen wannan tsawon rai. Ɓawonsa yana da kauri har kusan santimita 30, don haka wuta ba ta saurin kai wa cikinsa. Katakonsa yana ɗauke da sinadarin da ke korar ƙwari da hana ruɓewa. Saiwoyinsa kuma, duk da ba su nutse ƙasa sosai ba, sun bazu nesa sun sarƙe da na maƙwabta, sai itatuwan suke riƙe juna idan iska ta taso.

Abin da ya tsare itacen a bakin teku shi ne hazo. Ya bambanta da hazon hunturu da aka sani a ƙasar Hausa, wanda busasshiyar ƙura ce. Hazon bakin teku kuwa danshi ne da ke tasowa idan iska ta ratsa ruwan teku mai sanyi. A watannin da ba a ruwan sama, ganyen itatuwan kan tare wannan danshi, su sha wani, saura ya ɗiga ƙasa. Shi ya sa dajin yake da sanyi da laima ko a watan Yuli, kuma shi ya sa mai keke yake bukatar rigar sanyi da ta ruwa a tsakiyar lokacin zafi.

Me ya sa dajin ya zama tsibiri-tsibiri?

Kafin zuwan Turawa, al'ummomin asali irin su Yurok da Tolowa da Wiyot suna zaune a yankin, suna sassaƙa kwalekwale da gina gidaje da katakon redwud. Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, mutane suka yi ta kwarara, bukatar katako ta ƙaru, aka shiga sara ba ji ba gani. Daga cikin kusan hekta 800,000 na tsohon daji, abin da ya rage yau bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Ƙoƙarin ceton abin da ya saura ya fara da wuri. An kafa gandun dajin Big Basin a 1902, ƙungiyar Save the Redwoods League ta kafu a 1918, sannan gwamnatin tarayya ta kafa babban gandun dajin Redwood a 1968 ta faɗaɗa shi a 1978. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Da yake an ceci dajin ne yanki-yanki, mai keke ba ya tafiya a inuwa guda daga farko zuwa ƙarshe. Yakan fita daga tsohon daji ya shiga filayen kiwo, ko dajin da ya sake tsirowa bayan sara, kafin ya kai wani gandun.

Yadda tafiyar take gudana

Kashin bayan tafiyar shi ne sanannen layin keke na gaɓar Fasifik, mai tsawon kusan kilomita 3,000 daga Bankuba ta Kanada zuwa iyakar Meziko. A yankin redwud yana bin babban titi mai lamba 101, sannan ya koma titi mai lamba 1 a garin Leggett, inda ake hawan tudu mai kusan mita 600 kafin a gangara bakin teku. Yawancin matafiya daga arewa suke nufar kudu. Dalili shi ne a lokacin zafi iska daga arewa maso yamma take kaɗawa, sai ta riƙa tura mai keke daga baya. Ƙari a kan haka, tun da a Amurka hannun dama ake bi, mai tafiya kudu yana gefen teku.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Mayu zuwa Oktoba, domin ruwan sama mai ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris yake sauka. Wurin kwana kuwa, gandayen daji da dama na jihar sun keɓe ƙananan zangonnin da masu keke da masu tafiya a ƙasa kaɗai ke sauka. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma galibi ba sai an kama wuri tun da wuri ba. Wannan tsari yana da muhimmanci, domin mai keke ba ya iya tabbatar da inda dare zai riske shi: taya na iya fashewa, iska na iya juyawa, ƙafa na iya gajiya.

Keken da ya dace shi ne mai ƙarfi, mai giyar hawan tudu da birki mai kamawa ko a jiƙe. Kayan faci da famfo da man sarƙa ba a barin su, saboda shagunan gyara suna da nisa da juna. Fitilar gaba da ta baya wajibi ne har da rana, domin a ƙarƙashin itatuwan haske kaɗan ne, ga kuma hazo.

Inda mota ba ta bi, ko ta yi ƙaranci

A gandun Prairie Creek akwai titin Newton B. Drury mai kusan kilomita 16, wanda ya ratsa tsakiyar tsohon daji. An hana motocin dakon kaya bin sa, kuma a Asabar ta farko ta kowane wata, daga Oktoba zuwa Mayu, ana rufe shi ga motoci baki ɗaya domin masu keke da masu tafiya a ƙasa. A kusa da nan akwai tsofaffin hanyoyin masu saran katako, irin ta Lost Man Creek, waɗanda aka mayar na keke.

Kudu da nan akwai Avenue of the Giants, wato titin ƙattai, mai kusan kilomita 50 a gandun Humboldt, yana bin kogin Eel. Shi ne tsohon babban titi kafin a gina sabo a gefensa. Mota tana bi, amma masu sauri da manyan motoci sun koma sabon titin. Kusa da shi ne dajin Rockefeller yake, mai kusan hekta 4,000, wanda ya fi kowane yankin tsohon redwud da ya rage a haɗe girma.

Ga mai ɗan lokaci, akwai gandun Samuel P. Taylor, kusan kilomita 50 arewa da San Faransisko. Ana iya tsallaka gadar Golden Gate da keke ko a shiga jirgin fito, a ƙarasa ta hanyar Cross Marin, wadda aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo.

Haɗurra da ƙa'idoji

Babban haɗari shi ne sassan da ake raba titi da tireloli masu ɗaukar gungumen katako da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido. A wasu wurare gefen titi ya yi ƙunci, ga lanƙwasa, ga hazo. Kudu da garin Crescent City akwai hawan Last Chance Grade, inda ƙasa ke yawan zaftarewa har a tsayar da zirga-zirga. Tun 2014 dokar Kalifoniya ta wajabta wa direba ya bar tazarar ƙafa 3, kusan mita guda, idan zai wuce mai keke, amma doka ba ta maye gurbin tufafi masu haske da hular kwano da sammako kafin titi ya cika.

Gobarar daji ma abin lura ce a ƙarshen lokacin zafi. A watan Agusta na 2020, wutar da tsawa ta tayar ta ƙone kusan kashi 97 cikin 100 na gandun Big Basin. Mafi yawan tsofaffin itatuwan sun rayu sun sake toho, amma gine-gine da zangonni sun ƙone. Don haka ake bincika halin hanya da na zango kafin a tashi.

A zango kuma ana kulle abinci a akwatunan ƙarfe saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai bin ƙamshin abinci. Ko ɓarɓashi ba a bari a ƙasa, domin yana tara hankaki da makamantansu, su kuma suna cin ƙwan wani tsuntsun teku da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wanda a rassan tsofaffin itatuwa yake sheƙa. Ana kuma wanke laka daga tayoyi, saboda tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke kashe wasu itatuwan dajin.

Tasiri ga daji da mutane

Keke ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, kuma ba ya bukatar faffaɗan filin ajiya. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a dajin da saiwoyinsa suke kusa da doron ƙasa, inda kwalta da yawan takawa ke danne ƙasa su cutar da itace. Amma mai keke ma yana iya yin ɓarna idan ya bar hanyar da aka yarje masa. Hanyoyin ƙafa da yawa an hana keke bin su. Kewayen Hyperion kuwa an rufe shi a 2022 bayan masu ziyara sun tattake shi, kuma tarar shiga tana kai dala 5,000.

Ƙananan garuruwa irin su Orick da Garberville da Leggett, waɗanda suka dogara da katako a da, suna amfana. Mai keke ba ya iya ɗaukar abincin mako guda, don haka kusan kullum sai ya tsaya a kanti ya saya.

Abin da ke gaba

Jihar Kalifoniya ta kafa hukumar da za ta mayar da tsohon layin dogo na yankin hanyar keke da tafiyar ƙasa mai kusan kilomita 500, daga mashigin San Faransisko zuwa na Humboldt, da sunan Great Redwood Trail. An buɗe wasu gajerun sassa, amma kwarin kogin Eel, inda ƙasa ba ta da tabbas, zai ci kuɗi da shekaru. Kafin aikin ya kammala, mai son wannan tafiya zai tsara ta ne da sanin cewa sassan da babu mota kaɗan ne, ya zaɓi lokaci da kayan da za su kare shi a sauran, ya kuma kiyaye ƙa'idojin da aka kafa domin ɗan abin da ya rage na tsohon dajin.