Ƙaton Jiki Kaɗai Ba Ya Kai Mutum NFL

A wani gidan kallon ƙwallo da ke Gonin Gora, kusa da babban titin Abuja, akwai wani ɗan kwas ɗinmu da ba ya shiga sai an tanka masa. Kansa ya kusa taɓa saman ƙofa, in zai zauna a benci sai mutum biyu sun matsa. Kullum maganar ɗaya ce: "Kai, asarar jikin nan kake yi a Kaduna, da a Amurka kake da tuni kana NFL kana kwasar daloli." Shi dai dariya yake yi. Amma ran nan muna jiran mota zuwa makaranta sai ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Abokina, tsakani da Allah, wai akwai hanya?"

Akwai. Sai dai ba irin wadda ake zato a gidan kallo ba ce, kuma mafi yawanta ta cikin aji ta bi.

Bari mu fara da wasan kansa, tunda yawancinmu Firimiya muka sani. A ƙwallon Amurka kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. A sahun gaba na masu tsaro akwai ƙarti uku ko huɗu da ke durƙusawa, hannu a ƙasa, fuska da fuska da wasu ƙartin. Su ne 'yan layin tsaro. Na tsakiya su ne masu nauyi, galibi kilo 130 zuwa sama, aikinsu toshe hanya. Na gefe sun fi tsawo da gudu, su ake sakar wa mai jefa ƙwallo, wato kwatabak. In suka kayar da shi kafin ya jefa, shi ake kira sak, kuma da yawan sak ɗin ne farashin ɗan wasa yake tashi. Duk artabun daƙiƙa huɗu ne ko biyar. Wanda ya san kokawar gargajiya zai gane abin nan take: wanda ya riga sa hannu a ƙirjin ɗan'uwansa, ya kuma fi shi yin ƙasa, shi ke da nasara ko da an fi shi girma.

Misalin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne David Onyemata. A Legas aka haife shi a 1992. A 2011 ya tafi Jami'ar Manitoba da ke Winnipeg a Kanada, karatu ya kai shi ba wasa ba, bai ma taɓa buga ƙwallon Amurka ba. Da ƙafarsa ya je wurin kocin makarantar, Brian Dobie, ya nemi a gwada shi. Komai daga farko aka koya masa, har yadda ake durƙuso. A 2015 ya karɓi kyautar gwarzon 'yan layi na jami'o'in Kanada baki ɗaya. Wannan ya sa aka gayyace shi wasan fitattun ɗalibai a Amurka, inda masu farautar 'yan wasa suka gan shi da idonsu. A 2016 ƙungiyar New Orleans Saints ta ɗauke shi, shi ne na 120 a zaɓen shekarar. Shekara biyar ke nan daga rashin sanin komai zuwa albashi. A 2023 ya koma Atlanta Falcons a kan kwantiragin shekara uku na dala miliyan 35.

Haka labarin Ezekiel Ansah na Gana yake. Ya je Jami'ar Brigham Young da tallafin karatu, ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallon kwando sau biyu ba a ɗauke shi ba, ya koma tsere, sai a 2010 ya gwada ƙwallon Amurka. A 2013 Detroit Lions ta ɗauke shi a matsayin na biyar a duk zaɓen. Ku lura da abin da ya haɗa su biyun: takardar makaranta ce ta tsallakar da su teku, jikin daga baya ya yi amfani.

Dalili kuwa shi ne NFL ba ta da makarantun renon yara irin na Barcelona ko Ajax. Jami'o'i ne ke yi mata reno. Ɗalibi zai yi shekara uku zuwa biyar yana wasa yana karatu, in makinsa ya faɗi a zaunar da shi. Ba a yarda ya shiga zaɓen ƙwararru ba sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Zaɓen kuwa, wanda suke kira diraf, sau ɗaya ake yi a shekara a watan Afrilu: ƙungiyoyi 32, zagaye bakwai, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Ni dai wannan tsarin ya burge ni, da a Firimiya ake yin sa da wasu magoya baya sun huta da gori.

Kafin zaɓen akwai gwajin da ake yi a Indianapolis, inda ake auna mutum kamar ragon layya: tsawo, nauyi, tsawon hannu, gudun yadi 40, da sau nawa zai ɗaga ƙarfe mai kilo 102 yana kwance. Likitoci su duba kowace gwiwa, masu horarwa su zaunar da shi gaban allo su ga ko yana gane dabarun wasa. Don ku san irin mutanen da ake gogayya da su, a 2022 Jordan Davis, mai nauyin kusan kilo 155, ya cinye yadi 40 a daƙiƙa 4.78. A nan ne maganar gidan kallo take rushewa. Ƙarti suna da yawa a duniya, ƙaton da ke gudu kamar ɗan gaba shi ne ba a samu.

Lissafin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ya nuna waɗanda ake zaɓa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Wanda aka zaɓa ma bai tsira ba. Ƙungiya tana shiga atisayen bazara da mutum 90, ƙarshen Agusta ta rage su zuwa 53. Yawancin kwantiragi ba a ba da tabbacin biyan duka kuɗin, ana iya sallamar mutum da safe ya tattara kayansa kafin azahar. A matsakaicin lissafi shekara uku da 'yan watanni ɗan wasa yake yi a NFL. Ga kuma ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wanda ake alaƙantawa da yawan buguwar kai, 'yan layi kuwa kusan kowane zagaye sai sun gwara kai. Onyemata kansa an dakatar da shi wasa shida a 2021 saboda an samu haramtaccen sinadari a gwajinsa. Masu sayen garin ƙara tsoka a kasuwa ba tare da sanin me ke ciki ba, a kula.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan poli. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi a babban rukunin NCAA, shekara biyar ake ba ɗalibi ya yi wasanninsa, kuma agogon yana fara tafiya ne daga ranar da ya fara cikakken karatu a kowace babbar makaranta, ko a wace ƙasa take. Wato wanda ke ND 2 ya riga ya ci wani abu daga rabonsa, wanda ya kammala HND kuwa kusan ya cinye. Sannan za su nemi sakamakon WAEC ko NECO na gaskiya, su bi shi darasi bayan darasi.

Ga wanda wannan ƙofa ta rufe masa, akwai wata 'yar ƙarama. Tun 2017 NFL take da shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje, ana kai su Florida a horar da su na kusan mako goma. Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya tashi a Landan, ta nan ya shiga cikin 53 na Carolina Panthers a 2018. Osi Umenyiora, wanda shi ma ɗan layin tsaro ne da ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, shi ke jan ragamar neman matasa a Afirka: an yi sansani a Gana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024. Ta wannan hanyar CJ Okoye ya je Los Angeles Chargers a 2023, ya yi sak a wasan farko da ya taɓa bugawa a rayuwarsa. Amma fa mutanen da ake ɗauka a shekara daga duk duniya ba su cika aji ɗaya ba. Don haka duk wanda ya tare ka a WhatsApp ya ce shi wakili ne, ka turo kuɗin fom da na biza zai kai ka NFL, ka riƙe kuɗinka ka biya na makaranta.

Da na gama zayyana wa mutumin namu duk wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yadi 40 ɗin nan mita nawa ne?" Na ce 36 da rabi, da ɗan ɗoriya. Ranar Asabar da sassafe muka ari tef a wurin wani ɗan sashen safiyo, muka auna a wani fili a bayan unguwa, na riƙe waya. Ya yi shi a daƙiƙa shida da wani abu, ya zube a ƙasa yana haki, yara suna ta dariya. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce kada in mayar da tef ɗin tukuna.