Rinin Kaki na Mutanen Jawa

Jawa wani tsibiri ne a ƙasar Indunusiya, can gabas da ƙasar Hindu, yawancin mutanensa kuwa Musulmi ne. Suna da wata sana'ar rini da su ke kira batik. Ya kamata mu san labarinta, gama atamfar da iyayenmu mata ke ɗaurawa jikarta ce.

Ga yadda a ke yi. Mace ta kan rataya farin ƙyalle bisa sanda, ta narkar da kakin zuma cikin ɗan kasko. Sa'an nan ta ɗauki wani abu na jan ƙarfe mai kama da lofe, mai ƙotar gora, ta riƙa ɗibar kakin tana zana furanni da tsuntsaye kamar mai rubutun allo. In ta gama sai a tsoma ƙyallen cikin baba. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. Sai a kankare wani wuri, a rufe wani, a sake tsomawa cikin ruwan ɓawon itacen da su ke kira soga, mai ba da launin ƙasa. Daga bisani a tafasa ƙyallen, kakin ya taso bisa ruwa, a kwashe a ajiye domin wani aikin. Zane guda na ƙwarai ya kan ci watanni.

Abin da ya sa sana'ar nan ta zauna cikin gidaje shi ne jarinta kaɗan ne. Ba ta bukatar inji, kakin ba ya ɓata a banza, mace kuwa ta iya yinta tana duban 'ya'yanta. Mai zuma ya samu, mai noman baba ya samu, maƙeri ma ya samu.

Amma ba a rasa ƙalubale ba. Cikin ƙarni na 19 Turawan Holanda suka shiga kwaikwayon batik da inji. Bai karɓu sosai a Jawa ba, sai aka juyo da shi Afirka ta Yamma, ya zama atamfa. Mutanen Jawa kuwa suka riƙa buga kakin da hatimin jan ƙarfe domin aiki ya yi sauri. A 1897 kuma Jamusawa suka fara sayar da shunin kanti, mai araha, noman baba ya ja da baya. Rinin kanti na da nasa sharri: a 2021 ambaliya ta kwashi rinin masu batik a wani ƙauye na Pekalongan, ruwa ya bi tituna ja wur kamar jini.

Duk da haka ba su saki sana'ar ba. A ran 2 ga Oktoba 2009 hukumar UNESCO ta sa batik cikin gadon al'adun duniya, har yanzu kuwa kowace shekara su kan yi bikin ranar.

To, 'yan'uwa, mu ma muna da karofin Ƙofar Mata a Kano, Yarbawan Abekuta kuma suna rufe ƙyalle da kullun rogo maimakon kaki. Mu da za mu riƙe makarantu, in yaron marini ya fita hannunmu yana jin kunyar shuɗin hannun ubansa, mun yi hasara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.