Sinadarin da ke Riƙe Ƙaramin Ciki

Manomin tumatir a fadamar Danja ya san dashe ba ya kamawa sai an gyara ƙasa, an jiƙa ta. To, haka mahaifar ɗiya mace take. Abin da ke gyara ta kuwa wani sinadari ne mai gudana cikin jini, wanda likitoci ke kira furojestaron. A shekarar 1934 masana suka fara tace shi zalla.

Ga yadda al'amarin yake. Idan ƙwai ya fita daga ma'ajiyarsa a jikin mace, gurbin da ya bari shi ke tsattsafo da sinadarin nan, ya ƙara wa shimfiɗar mahaifa kauri, ya hana mahaifar murɗawa. In ciki bai shiga ba, sai ya ja baya, haila ta zo. In kuwa ya shiga, gurbin yakan riƙe aikin har mako na 7 zuwa na 10, sa'an nan mabiyiya ta karɓa.

Ana iya auna shi a jini, kuma idan ya yi ƙasa ƙwarai, alama ce cikin ba shi da ƙarfi. Amma a nan ne akan yi kuskure. Sau da yawa ba ƙarancinsa ne ya ɓata cikin ba, cikin ne ya riga ya ɓaci, shi kuwa ya biyo baya. Wajen rabin ɓarin watannin farko daga aibi ne a asalin halittar ɗan tayin, wanda babu allurar da ke gyara shi. Don haka bai kamata a ɗora wa matar laifi ba, a ce daka ce ko ɗiban ruwa.

A shekarar 2019 aka bayyana sakamakon wani gwaji a Birtaniya kan mata 4,153 masu zubar jini a farkon ciki. Waɗanda aka ba sinadarin, 75 cikin 100 sun haihu. Waɗanda ba a ba ba, 72. Bambancin kaɗan ne. Amma ga waɗanda suka taɓa ɓari uku ko fiye, 72 ne da 57. Watau yana da amfani, amma ba ga kowa ba.

Saboda haka, malamai da attajirai, idan iyali ta ga jini tana da ƙaramin ciki, kada a aika yaro kantin magani neman allurar riƙe ciki. Ba a cinikin biri a sama. A kai ta asibiti a yi hoton ciki, domin wani cikin a bututun ƙwai yake zama, in ya fashe yana kisa. Jini tare da ciwon gefe guda, ko jiri, ko suma, ba ya jiran ranar kasuwa ta wuce. A nufi Funtuwa, ko Malumfashi, ko Shika nan take.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.